Damagaram: Matasa sun san dokar da ke ɗaure su, ba su san wadda ke kare su ba

A farkon watan Satumban 2024, lokacin da mamakon ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun a ƙarni na 19, bidiyon faɗuwarsa ya karaɗe WhatsApp da Facebook cikin ɗan lokaci. 'Yan asalin garin da ke ci-rani a Kano, Legas, Aljeriya da Libiya sun ga abin da ya faru a gida da idonsu. Wannan amfanin wayar salula ne da babu mai musunsa.

Sai dai jihar ta ɗanɗana ɗaya gefen ma. A watan Maris na 2022, bayan wani rahoton talabijin a Senegal kan 'yan Nijar masu bara a titunan Dakar, gwamnati ta kwaso sama da mutum 1,000 zuwa gida, akasarinsu mata da yara daga yankunan Kance da Magarya. Rahoton ya sa hukumomi sun motsa, amma hotunan fuskokin mutanen sun ci gaba da yawo a shafukan sada zumunta. Yaron da aka ɗauka da kwanon bara a hannu bai kai shekarun da za a nemi yardarsa ba, kuma hoton na iya riskarsa ranar da zai nemi aure ko aiki.

Nijar na da dokoki biyu da suka shafi irin wannan lamari. Ta farko ita ce dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 saboda wani rubutu a Facebook. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, amma a watan Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya dawo da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna, da shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa bayanan da ka iya tayar da hankalin jama'a. Wannan dokar ta shiga kunnen matasan fada, domin labarin kamu ba ya ɓuya.

Ta biyu ita ce dokar kare bayanan mutum, wadda aka fara kafawa a 2017 aka kuma sabunta a watan Disambar 2022, tare da hukumar HAPDP da ke sa ido kan aiki da ita. Dokar ta ɗora wa duk wanda ke tattara sunaye, lambobin waya, hotuna ko zanen yatsun jama'a nauyin faɗin dalilin tattarawar, da adana su yadda ba za su faɗa hannun wani ba. Ta kuma bai wa mai bayanan ikon sanin abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure ko a goge. Matsalar ita ce hukumar na zaune a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, kuma an rubuta dokar da Faransanci, alhali yawancin waɗanda ta shafa da Hausa suke saye da sayarwa, da saƙon murya suke hira.

A nan giɓin yake, kuma a harkokin yau da kullum ake ganinsa. Ɗan ci-rani zai turo kuɗi gida ta Nita ko Amana, sai ya ce a aiko masa hoton katin ɗan ƙasa na wanda zai karɓa don kada a yi kuskuren suna. Hoton zai bi ta wayoyi biyu ko uku kafin ya isa, kuma ba kowa ke tunawa ya goge shi ba. Idan ɗaya daga cikin wayoyin ta ɓace ko aka sayar da ita a kasuwar Dole ba a share ta ba, katin ya shiga hannun baƙo. Da irin wannan hoton ana iya ƙoƙarin yin rajistar layi ko buɗe asusu da sunan wani, kuma idan aka aikata laifi da layin, ƙofar mai katin za a fara ƙwanƙwasawa.

Haka nan tsohuwar da ba ta iya karatu ba takan miƙa wayarta ga wani ya karanta mata saƙon kuɗi, wani lokaci har da lambar sirri. Ga kuma saƙonnin bogi da ke alƙawarin tallafi ko ɗaukar aiki, waɗanda ke neman suna da lambar waya da hoton kati kafin komai. Mai tura irin wannan saƙon zuwa zauren dangi yakan yi ne da kyakkyawar niyya, amma shi ne ya buɗe wa ɗan damfara ƙofa.

Nauyin bai tsaya kan talaka kaɗai ba. Gwamnati ce babbar mai tara bayanai: an ɗauki hotuna da zanen yatsun miliyoyin masu zaɓe kafin zaɓen 2020, ga kuma shirin WURI na shaidar ɗan ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa. A 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba da damar sauraron sadarwar jama'a da sunan tsaro, a watan Fabrairun 2021 aka katse intanet na salula na kusan kwana 10 bayan bayyana sakamakon zaɓe, sannan a watan Agustan 2024 aka kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da alaƙa da ta'addanci, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta soka. Matsalar tsaro gaskiya ce, amma jama'a ba za su saki jiki su miƙa bayanansu ba matuƙar ba su san wanda ke iya buɗe kundin da kuma inda za su kai kuka ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Ana iya fassara haƙƙoƙin da ke cikin dokar 2022 zuwa Hausa da Barbarci, a watsa su ta gidajen rediyon al'umma da gajerun saƙonnin murya, tunda ta nan labari ke tafiya. Ɗaliban Jami'ar André Salifou na iya kai bayanin fadojin Zango da Garin Malam da Kara-Kara, yayin da fadar Sarkin Damagaram da limaman Juma'a ke da bakin da za su tunatar cewa tona asirin mabuƙaci da kyamara ba ya cikin sadaka. Ƙungiyoyin agaji kuma su daina liƙa hoton mai karɓar buhun gero sai da yardarsa.

Su ma 'yan ci-rani, da yake sau da yawa su ne ke saya wa gida waya, suna da abin yi tun daga yau: su sa wa wayar makulli, su riƙa neman a rubuto musu suna a maimakon hoton kati, su goge wanda aka riga aka turo, su kuma gaya wa iyaye cewa ba a bai wa kowa lambar sirri, ko da ya kira ya ce daga kamfani yake.