Mun Koya wa Yaro Ya Ce "Ina Hujja?", Ba Mu Koya Masa Auna Ta Ba

 

Duk sa'ad da wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a ware awa guda a mako a makarantunmu na Islamiyya, a zaunar da ɗalibai a da'ira, a ajiye musu tambaya ɗaya a tsakiya, kamar "mene ne adalci?" ko "ta yaya mutum yake gane labarin da ya ji gaskiya ne?", su juya ta da kansu kowa da dalilinsa, sai ka ji an yi masa caa: ai wannan falsafa ce, falsafa kuwa ƙofar zindiƙanci ce. Da an faɗi haka shi ke nan an rufe magana, mai shawara ya koma yana wanke kansa. Ni kuwa a ganina wannan amsa ragwanci ce da aka naɗa wa rawani, kuma 'ya'yanmu ne suke biyan farashinta.

Ya ku 'yan'uwa, a kan me aka gina wannan da'awa tamu? A kan cewa kada mutum ya bi magana don girman mai ita, ya nemi dalili. Mun koya wa yaro ɗan shekara 12 ya dubi dattijo ya ce masa "ina hujja?", mun kuma yi farin ciki da hakan. To, idan aka ba shi hujjar fa, da wane sikeli zai auna ta? Shin ya san bambancin da'awa da dalili? Ya san ana kawo aya ingantacciya a ɗora ta inda ba wurinta ba? Ya san misali guda ba ya zama ƙa'ida? Abin takaici, mafi yawan ɗalibanmu, duk wanda ya jero Larabci da ƙarfin murya ya ambaci mujalladi da shafi, to a wurinsu ya kawo hujja. Wannan kuwa shi ne taƙlidin da muka ce mun gudu daga gare shi, sunan malamin kawai aka sauya.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. A shekarar 2009, a wata hira da BBC, Muhammad Yusuf na Maiduguri ya ce su ba su yarda ruwan sama daga tururin da rana take ɗagawa yake samuwa ba, domin ruwa halittar Allah ce, ya kuma yi inkarin cewa duniya a mulmule take. Samari da dama, ciki har da waɗanda suka shiga manyan makarantu, suka karɓi irin wannan magana har wasunsu suka yayyaga takardun shaidarsu. Alhali kuwa tambaya guda ta isa ta warware shubuhar: shin tabbatar da sababi yana kore Mahaliccin sababin? Wanda ya ce shuka daga iri take tsirowa ya ƙaryata cewa Allah ne Yake tsirar da ita? Ibnu Hazmi, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya riga ya tabbatar da mulmulewar ƙasa a littafinsa Al-Fisal. Amma saurayin da tun yana ƙarami aka horar da shi a kan cewa aikinsa ji da haddacewa, a ina zai samo ƙarfin halin yin wannan tambaya? Ya saba miƙa wuya ga mai magana, sai ya miƙa ga wanda ya fi kowa zafin magana. Abin da ya biyo baya a Borno da Yobe ba sai na faɗa wa kowa ba.

Bari in bayyana abin da ake kira a yi, domin da yawa daga masu suka ba su tsaya sun ji ba. A ƙarshen shekarun 1960 wani malamin Jami'ar Kolombiya da ke Amurka mai suna Matthew Lipman ya lura cewa manyan mutane masu digiri suna gardama a kan yaƙin Biyetnam ba tare da iya tsara dalili ba, sai ya yanke cewa gyaran ya makara idan aka bari sai jami'a. Ya rubuta ɗan labari don yara 'yan shekara 11 zuwa 12, kuma a 1974 ya kafa cibiyar koyar da wannan hanya a Montclair. Tsarin mai sauƙi ne. Ana karanta gajeren labari, yaran su fitar da tambayoyin da labarin ya tayar musu, su zaɓi ɗaya, sannan su tattauna. Duk wanda ya yi magana sai ya faɗi dalilinsa, wanda zai saɓa masa sai ya fara nuna ya fahimci abin da ya ce. Malami ba ya bayar da amsa a wannan zama, aikinsa ya ce "me kake nufi da wannan kalma?", "ba mu misali", "wa yake da misalin da ya karya wannan?"

An gwada wannan a Ingila. Sakamakon da aka fitar a 2015 daga makarantun firamare 48 ya nuna ɗaliban sun ɗan yi gaba da kimanin wata 2 a karatu da lissafi, amma gwaji mafi girma a makarantu kusan 200 da aka bayyana a 2021 bai ga wannan ƙari ba. Saboda haka kada kowa ya tallata mana abin da sunan maganin faɗuwa jarrabawa. Buƙatarmu daban take: yaron da zai iya sauraron wanda ya saɓa masa har ya kai aya, ya kuma iya cewa "na janye maganata" ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba.

Ga masu cewa wannan baƙon abu ne a Musulunci, sai mu ce su koma Kitabul Ilmi na Sahihul Buhari. A nan za su ga Annabi (S.A.W.) ya jefa wa sahabbai tambaya a kan wata itaciya da ta yi kama da Musulmi, ya bar su suna laluben itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, yana ƙaramin cikinsu, ya gane dabino ce, kunya ta hana shi faɗa, kuma da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar (R.A.) ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. A yau da irin wannan yaro zai buɗe baki a gaban manya a wasu makarantunmu, dorina ce za ta amsa masa. Su duba kuma majalisin Imamu Abu Hanifa a Kufa, inda ake ajiye mas'ala almajirai su yi ta kai-kawo a kanta kafin a rubuta, har Abu Yusuf da Muhammadu Shaibani suka saɓa wa malaminsu a mas'aloli masu yawa, mazhabar kuma ta adana saɓanin nasu ba ta ɓoye ba.

A nan ƙasar Hausa ma, wane ɗalibi ne bai fara fiƙihu da Ahalari ba? To, shi wannan Shaihu Abdurrahman Al-Ahdari shi ne mai Sullam, waƙen da ake koyon ilimin manɗiƙi da shi, wato ƙa'idojin tsara dalili. A cikinsa ya kawo cewa Ibnus Salah da Nawawi sun haramta wannan ilimi, wasu sun ce ya kamata a san shi, shi kuwa ya rinjayar da halaccinsa ga mai lafiyayyen hankali da ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Mun karɓi tsarki da salla daga hannunsa, mun kau da kai daga ɗaya littafin. Haka Shaihu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi yana kare manɗiƙi sa'ad da Suyuɗi ya haramta shi. Idan kuma an ce Shaihul Islami Ibnu Taimiyya ya yi raddi ga masu manɗiƙi, haƙiƙa ya yi. Amma ta yaya ya yi? Ya karanta su har ya ƙure su, sannan ya warware maganarsu gaɓa-gaɓa da dalilin hankali. Mai fakewa da sunansa don ya hana yara koyon auna dalili ya ɗauki hukuncin malamin ya yar da aikin da ya kai shi ga hukuncin.

Wani zai ce ai muna da muƙabala. Subhanallahi! Abin da muke kira muƙabala a yau dambe ne: malamai biyu, kowa da tulin littattafai da magoya baya masu kabbara, a ɗauka a waya, kafin magariba kowane ɓangare ya yanko minti 2 ya watsa a Facebook cewa an kunyata wancan. Wa ya taɓa fita daga irin wannan taro da ra'ayin da bai shigo da shi ba? Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kafa sharuɗɗa 8 ga munazara a cikin Ihya, daga ciki akwai fifita yin ta a keɓe a kan yin ta a gaban taro da sarakuna, da kuma cewa mai yin ta ya zama kamar mai cigiyar abin da ya ɓata, bai damu ba ko a hannunsa aka same shi ko a hannun abokin maganarsa. Ya kuma lissafa cututtukan da take haifarwa idan niyya ta ɓaci: hassada, girman kai, gaba, giba, riya. Sai ka ce zamaninmu yake kallo. Dubi kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shaihu Al-Kanemi na Borno ya rubuto yana tuhumar halaccin jihadin da ake yi da su, tuhuma mai zafi, Bello ya amsa, sannan ya kwafe wasiƙar abokin jayayyar tasa a cikin Infaƙul Maisuri a 1812, shi ya sa muke iya karanta hujjar Borno har yau. A cikinmu wa zai buga maganar mai sukarsa a littafinsa?

Lalle akwai iyaka, kuma ba ma jin nauyin faɗarta. Ba a zama a ƙuri'anci wajibcin salla ko haramcin riba. Abin da nassi bayyananne ya yanke an gama da shi. Lipman ɗan makarantar John Dewey ne, ba mu ɗaukar masa aƙida, tsarin zama muke dubawa. Amma tsakanin waɗannan iyakoki akwai fili mai faɗin gaske da muka bari ya zama kufai: mene ne bambancin kunya da tsoro? Yaushe shiru yake zama ƙarya? Wanda ya ga abokinsa yana satar amsa ya rufa masa asiri, amana ya riƙe ko cin amana ya yi?

Wannan buƙata ba ta tsaya ga yara ba. A birnin Faris, tun daga 1992, wani malami mai suna Marc Sautet ya fara tara mutanen gari kowace safiyar Lahadi a wani shagon shan gahawa kusa da dandalin Bastil, a zaɓi tambaya guda a tattauna, abin kuma ya bazu zuwa wasu garuruwa da ƙasashe. Mu ba mu rasa wurin zama ba. Kowace unguwa tana da majalisa da teburin mai shayi, inda magidanta da samari suke kwashe awanni kowane dare. Me ake yi a can? Ƙwallon Turai, da maimaita abin da sojojin baka suka faɗa a rediyo. Lokacin zaɓe ya zo a raba taliya da sabulu, malami ya hau mumbari ya ce haramun ne, mutane su ce na'am, gobe su karɓa. Dalili kuwa shi ne ba a taɓa zaunar da su an bar mai iyalin da ya kwana da yunwa ya faɗi uzurinsa da bakinsa ba, wani ya tambaye shi ƙuri'a mallakarsa ce ko shaida ce da aka ba shi amanarta, ya yi tunani ya amsa. Hukuncin da mutum ya taka matakalarsa da ƙafarsa ya fi zama a zuciyarsa fiye da wanda aka jefo masa ta lasifika.

Abin ba ya cin kuɗi. Tabarma ce da awa guda, da mutum 15 zuwa 20, da jagoran da zai iya kame bakinsa. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar samu, kuma a nan nake zaton ainihin ƙiyayyar take. Malamin da ya saba shi kaɗai yake magana daga farkon darasi zuwa ƙarshe yana tsoron ranar da yarinya 'yar aji 5 za ta ce masa, "Malam, dalilin nan bai kai ga abin da ka ce ba", a gaban sauran ɗalibai, kuma ta zama da gaskiya. Saboda haka kwamitocin ilimi na rassa su fara da malaman kansu: su zauna su 10 sau ɗaya a wata, shugaban makaranta a da'ira ɗaya da ƙaramin malami, a ajiye tambaya, kuma kada a bar kowa ya rufe ta da cewa "haka muka ji daga malamanmu".