Roƙo kan duba ido daga nesa a Sassumbrum

Zuwa ga Mai girma Daraktan Kiwon Lafiya na Jihar Damagaram,
ta hannun Babban Likitan Gundumar Magariya.

Mu mazauna Sassumbrum da ƙauyukanta ne muka kawo kukanmu a kan ciwon ido.

Idan ido ya fi ƙarfin majo, wato babban ma'aikacin jinyar asibitinmu, sai a tura mutum Magariya, daga can kuma Damagaram. Wasu kan tsallaka iyaka su nufi Kano, asibitin Makka ko na ECWA, hanyar da muka ga yadda ta toshe da aka rufe iyaka a 2023. Tsohon da yana ta rufe wa ido ba ya tafiya shi kaɗai. Sai an ɗauke masa ɗan jagora daga gona, a biya mota ta mutum biyu, ga ci ga makwanci. Sau da yawa ma bayan duk wannan wahala, maganin ɗigawa kawai za a rubuta masa, ko a ce ya dawo wani watan. Shi ya sa mutane ke haƙura su zauna gida har gani ya tafi, wasu su miƙa idonsu ga masu tura yana da allura, a ƙarasa abin da ya rage.

Abin da muke roƙo ba sabon gini ba ne. A ba asibitinmu waya da na'urar ɗaukar hoton ido, da lantarki mai aiki da hasken rana, a horar da ma'aikaci ɗaya. Ya ɗauki hoto ya aika wa likitan ido a Damagaram, shi kuma ya faɗi wanda za a yi wa magani a nan da wanda dole ya taso. Mun san ba a cire yana ta waya, aiki sai hannun likita. Amma gara mutum ya hau mota da ranarsa a rubuce. Kuma ƙasar nan ta riga ta horar da ma'aikatan jinya su yi aikin gashin ido a yaƙi da amodari, har ƙauyuka aka bi ana raba magani. Wanda aka amince ya riƙe wuƙa, ɗaukar hoto ba zai gagare shi ba.

Ana yawan cewa talakan karkara ba zai biya ba. Wannan magana ba ta yi mana adalci. Biya muna yinsa tun tuni, direba da mai abinci ne ke karɓa. A shirye muke mu biya kuɗin dubawar, in dai an tsayar da farashi ɗaya, an liƙa shi a bango, an ba da rasit. Kada ya kai kuɗin motar Damagaram, in ba haka ba ina ribar? Yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ci gaba da samun kyautar maganin da hukuma ta yi musu tun 2006, rangwamen rabin kuɗin asibiti na 2024 ya shafi wannan aiki, marasa ƙarfi kuma a ɗauke musu. Hotunan idanun matanmu da iyayenmu su tsaya tsakanin majo da likita.

Muna roƙon a turo wakili ya zauna da mu da masu gari, a fara gwajin a Sassumbrum, in ya yi kyau a kai shi Dungas. Muna jiran amsa a rubuce.



A madadin mazauna Sassumbrum da ƙauyukanta.