Kafin ka sayi famfon mai na lantarki, karanta abin da aka rubuta a jikinsa

Ƴan'uwa manoma na ƙasar Gaya, da ku shugabannin ƙungiyoyi, da ku direbobi masu bin hanyoyin daji.

Yau maganarmu ba ta iri ba ce, ba ta taki ba ce. Maganar wani ɗan ƙarfe ce wanda bai fi kwalbar lemo girma ba, amma idan ya ƙi, mota duka ta tsaya. Shi ne famfon da ke ɗauko mai daga tanki ya kai wa inji. Kada ka ce ba ruwanka don ba ka da mota. Raken Bengu, dankalin Bana, shinkafar Tara da ta Gatawani, gishirin Foga da murucin giginya, duk a bayan a-kori-kura ko kat-kat suke fita. Motar nan ce kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace wuya, don a kai ta asibiti Gaya. In famfo ya mutu tsakanin Tanda da gari, asarar ta kowa ce.

Ra'ayinmu a nan guda ne, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Famfo ba a sayensa don araha. Ba a sayensa don an ce shi ne mafi ƙarfi. Ana sayen wanda ya dace da injin motar. Kuma kai da ka sauke karatun yaƙi da jahilci, kai ne ya kamata ka raka direba kanti, don amsar tana rubuce a jikin famfon.

Da farko, ka tabbata famfon ne ya mutu

Famfo da yawa an jefar da su da ransu. Mota ta ƙi tashi, sai a ce famfo ne. Sau da dama laifin na filta ne da ta toshe da datti, ko fiyus da ya ƙone, ko wata waya da girgizar hanya ta kwance. A motar da famfonta ke cikin tanki, ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ka kasa kunne wajen tanki. Famfo mai rai zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. In ba ka ji komai ba, a duba fiyus da waya tukuna. Kuɗin fiyus ba ya kai na goro. Kuɗin famfo kuwa buhu ne.

Wane irin inji gare ka?

Injunan da ke yawo a ƙasarmu iri uku ne, kuma kowane da bukatarsa.

Na ɗaya, tsohon injin esansi mai kafireto, kamar na Peugeot 404 da 504, da tsofaffin Hilux da Land Rover. Da yawa daga cikin Peugeot ɗin nan a Kaduna aka harhaɗa su, inda masana'antar ta fara aiki a 1975. Kafireto kamar ɗan kasko ne mai murfi. Mai na shiga a hankali, in ya cika wata ƴar allura ta rufe ƙofa. Turi kaɗan yake so: daga 0,2 zuwa 0,4 bar, wanda a wasu kwalaye ake rubutawa 3 zuwa 6 PSI.

Na biyu, injin esansi na zamani mai injakta. Shi feshin mai yake yi, kamar yadda kake feshin magani a gonar wake. Feshi kuwa sai da matsi. Yana son kamar bar 3 zuwa 4, wato 40 zuwa 60 PSI. Ka ga ya ninka na kafireto wajen sau goma.

Na uku, injin gazuwal, kamar na Land Cruiser mai inji 1HZ. Shi babban famfon injinsa ne ke jawo mai da kansa, kuma akwai ɗan famfon hannu a kan filta na fitar da iska. In yana wahalar tashi, yawanci iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo, ko filta ta cika. A gyara wannan. Liƙa masa famfon lantarki rufe ciwo ne da riga.

To, me zai faru in an yi musanya? In ka sa ƙaramin famfo a inji mai injakta, motar ba za ta tashi ba, ko ta tashi ba ƙarfi. Kuɗi ne kawai suka tafi. Amma in ka sa famfo mai bar 3 a kan kafireto, ƴar allurar nan ba ta iya tare shi. Mai zai yi ambaliya ya zuba a kan inji mai zafi. Daga nan sai gobara. Shi ya sa muka ce kalmar "wannan ya fi ƙarfi" ba yabo ba ce. Bokitin rijiya ba a cika shi da injin ban ruwa.

Abu huɗu da za ka karanta

Ɗauki kwalin a hannunka, ka nemi waɗannan:

Ɗaya, wuta. An rubuta 12V ko 24V. Yawancin ƙananan motoci 12V ne. Manyan motocin kaya da wasu kat-kat na gazuwal 24V ne. Kada ka ƙidaya batir kawai, ka tambayi makaniki, don akwai motoci masu batir biyu da ke aiki da 12V.

Biyu, matsi. Lamba ce da kalmar bar ko PSI a bayanta. Ka gwada ta da abin da muka faɗa a sama.

Uku, yawan man da yake turawa. An rubuta L/H, wato lita a awa guda. Inji mai ƙarfin doki 100, ko an taka shi iyaka, abin da yake sha wajen lita 30 ne a awa. Famfon kafireto mai 60 zuwa 100 L/H ya isa har ya yi saura. Kana iya gwada shi: a zare tiyo daga kafireto a sa a kwalba mai rabin lita. In ta cika cikin rabin minti, lita 60 ke nan a awa. A yi gwajin nan a fili, inji a sanyaye, ba mai taba a kusa.

Huɗu, irin man. Wasu na esansi ne kawai, wasu na gazuwal, wasu na duka biyu.

In kwali ba shi da waɗannan lambobi, jikin famfon ma ba shi da su, ka ajiye shi ka nemi wani. Sunan Bosch ko Denso ko Facet a kwali ba hujja ba ne shi kaɗai, don ana buga jabun kwalaye. Ka dubi jikin ƙarfen, ka ga ko lambar da ke kwali ita ce a kansa. Ka nemi takardar saye mai kwanan wata.

Masu cewa ba hali

Mun san abin da za ka ce. Kuɗi sun yi wuya, kaya sun yi tsada, abin da ka samu shi za ka sa. Gaskiyarka. Shekaru da yawa gadar Gaya da Malanbil, wadda aka gina a 1958, ita ce ƙofar motoci da kayan gyara daga tashar jiragen ruwa ta Kotonu. A ƙarshen watan Yuli na 2023 aka rufe ta, kaya suka koma bin jiragen kogi da doguwar hanya. Kafin wannan, ranar 29 ga Mayu 2023, Najeriya ta janye tallafin mai, man kwalba mai zuwa ta Kamba ya yi tsada. A watan Maris na 2025 kuma an sha dogayen layuka a gidajen mai na ƙasarmu, ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram na aiki tun 2011.

Amma wannan hujjar tamu ce, ba taka ba. Lokacin da kaya ke da wuya shi ne lokacin da ba a saye sau biyu. Lissafa da kanka: kuɗin famfo na biyu, kuɗin makaniki sau biyu, kuɗin motar da za ta jawo ka, da rake da ya kwana biyu a rana ya rage nauyi, da kasuwar da ta watse ba ka je ba. Araha ba ta ado. In ƙungiya ba ta da kuɗin sabo na kirki, tsohon famfo na asali da aka cire daga wata mota, aka gwada shi a gabanka, ya fi sabo marar lamba.

Akwai kuma masu cewa a bar famfon inji na asali, wanda ba ruwansa da wuta. In ana samunsa mai kyau, ba mu hana ba. Amma ka san halinsa biyu. A jikin inji yake, a wuri mai zafi, kuma jawo mai yake yi daga nesa. A watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, mota na jan kaya cikin rairayi a ƙaramin giya, sai esansi ya zama tururi a cikin tiyo, mota ta mutu sai ta huce. Na biyu, in fatar cikinsa ta yage, esansi na gangarawa cikin baƙin mai ya lalata inji. Wannan ne ya sa direbobi ke komawa na lantarki. In an koma, a cire tsohon a toshe gurbinsa. Kada a bar mai na bi ta cikinsa.

Ɗauri rabin saye ne

Famfon kirki da mugun ɗauri bai daɗewa. Ka tsaya a kan makaniki ya yi haka:

Famfon lantarki gwanin turi ne, rago ne wajen jawowa. A ɗaura shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, ba can gaban inji ba. A nisanta shi da salansa. A ɓoye shi bayan ƙarfen shasi, inda dutse da kututture da ruwan fadama ba su kai masa. A sa roba tsakaninsa da ƙarfe saboda girgiza. A bi kibiyar da ke jikinsa, ita ke nuna inda mai ke fita. A sa filta tsakanin tanki da famfo. A sa tiyon mai na gaskiya, ba tiyon ban ruwa ba, don esansi na cinye shi.

Wutar kuma ta bi ta fiyus da rile, ta mutu in an kashe makulli. Kada ka yarda a ɗauko waya kai tsaye daga batir. Abin da ya fi, a haɗa shi yadda in inji ya mutu famfo ma ya tsaya. Ranar da mota ta kife, Allah ya kiyaye, famfon da ba ya tsayawa zai ci gaba da kwarara mai a kan mutane.

Abin da ke kashe famfo

Abu biyu ne: datti da yunwa.

Man kwalba da na jarka ba ya rasa ƙura, wani lokaci da ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi. Ɗaga kwalbar ka duba gindinta, in akwai shi za ka gan shi kwance. A tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. A sauya filta kafin damina, a sake bayan kaka.

Yunwa kuwa ita ce tafiya da tanki ƙwal. Famfon da ke cikin tanki, man da ya nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Direban da ke sayen lita biyu lita biyu yana ganin tattali yake yi, alhali famfonsa yake gasawa. A hanyar daji abin ya fi muni, don a hawa da gangara ɗan man na gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Kada tanki ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Aikinka, kai mai karatu

A taron ƙungiya mai zuwa, ka kawo maganar nan. A sayi ɗan littafi a ajiye cikin mota. A rubuta irin injin, da wutarsa, da matsin da yake so. A rubuta ranar da aka sayi famfo, da kantin, da kuɗin, da ranar da aka sauya filta. A ajiye fiyus biyu da filta guda a akwatin direba. Duk ranar da za a sayi ƙarfen mota da kuɗin jama'a, mai karatu ya tafi tare. Ka karanta wa direba wannan shafi, ka karanta wa waɗanda ba su shiga aji ba tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kayanmu kasuwa lafiya, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Amin.