HAƊARIN AIKI A MARAƊI: WA KE CIYAR DA GIDA IN MAI GIDA YA KWANTA?

Duk wanda ya san Maraɗi ya san gari ne da ke tsaye bisa ƙarfin jikin mutanensa: ƴan dako a babbar kasuwa, magina bisa tsani, masu walda, ƴan kabu-kabu da ke kai da komo tsakanin birni da Tibiri, direbobin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, da manoman rani na Jiratawa. Jarin kowane ɗayansu shi ne hannunsa da ƙafarsa. Ran da ƙashi ya karye, ran nan kuɗin cefane ya yanke, ga kuma kuɗin magani ya taso.

Hukuma ba ta bar wannan al'amari haka nan ba. Tun shekarar 1965 ƙasarmu ta kafa Asusun Kula da Ma'aikata, watau CNSS, wanda jama'a suka fi sani da Kes, kuma a shekarar aka tsara ƙa'idodin biyan diyyar haɗarin aiki. Mai ba da aiki shi kaɗai ke zuba kuɗin wannan fanni, kashi 1,75 cikin 100 na albashi; ba a cire ko dala daga aljihun ma'aikaci dominsa. In haɗari ya auku wurin aiki, ko bisa hanya tsakanin gida da wurin aiki, wajibi ne mai ba da aikin ya sanar cikin awa 48. Sa'an nan Kes ta ɗauki nauyin magani, ta kuma biya mai rauni rabin albashinsa har kwana 28, daga kwana na 29 kuma kashi biyu cikin uku, har ya warke ko likita ya tabbatar raunin ya tsaya inda zai tsaya.

Bari mu yi lissafi, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. A ce albashin mutum jika 60 ne a wata. Watan farko zai sami wajen jika 30, bayan haka jika 40. Idan ya tashi da naƙasa, likita ne ke auna ta. Abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura kuwa ana ƙara masa rabinsa. Ke nan wanda aka ce ya rasa kashi 30 na ƙarfinsa, kashi 15 na albashinsa za a riƙa ba shi, watau jika 9 a wata. Wannan kuɗi hakkinsa ne, kuma yana rage zafi, amma mai mata da ƴaƴa shida ya san jika 9 ba ta kai buhun hatsi gida lokacin bazara. Dole a haɗa da wata sana'ar da raunin bai hana ba.

Abin takaici shi ne, ko wannan ɗan hakkin sau da yawa ba ya kai ga mai shi. A Maraɗi dangantakar yaro da ubangidansa ta fi takarda ƙarfi. Alhaji ya zo dubiya, ya biya maganin kwanakin farko, ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, dangi su yi godiya, kowa ya ji kunyar ta da maganar Kes. Alheri ne, ba mu musa ba. Amma alheri yana da ranar ƙarewa, gurguntaka kuwa ba ta da ita. Bayan wata shida an ɗauki wani a gurbinsa, shaidu sun watse, ba takardar likita ta ranar farko, balle in an wuce da shi wurin maɗori kai tsaye. Ya kamata masu karatu su sani: idan mai ba da aiki ya yi shiru, ma'aikacin ko iyalinsa suna da ikon kai maganar da kansu ga Kes ko ga sufeton ƙwadago, kuma gara a yi da wuri.

Haɗarin hanya yana da tasa doka, ta yarjejeniyar CIMA da ƙasashenmu suka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Inshorar abin hawa tana biyan wanda aka kaɗe da wanda aka ɗauko, ba ta biyan matuƙin da kansa. Kuma in ba takardar ƴan sanda ko jandarma, zancen ya yi wuya.

To, saura mafi yawan jama'a, waɗanda ba su da albashi balle lamba a Kes. Su hanyar faɗuwarsu sananniya ce. A fara sayar da akuyar uwargida, sai hatsin rumbu, sai babur ko amalanke, watau abin neman abincin kansa, daga ƙarshe a jinginar da gona. A ƙasar Maraɗi, inda mutane suka yi yawa gonaki suka ƙuntata, gonar da ta shiga jingina da wuya take komowa. A ganinmu matakin da ya fi kashe gida shi ne na sayar da kayan sana'a, domin babur da aka ba ƙane ko amintacce ya yi aiki da shi yana kawo na cefane kullum, wanda aka sayar kuwa kuɗinsa na ƙarewa cikin mako uku.

A nan mata sun riga maza. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tushen adashin da muka gada: zubi kowane mako, akwati mai kwaɗo, rance ga mai bukata, da ɗan asusun taimako domin ranar rashin lafiya. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Gidaje da yawa da wannan akwati suka tsallake jinyar mai gida ba tare da an taɓa gona ba.

Ƴan kabu-kabu, ƴan dako da magina duk suna da shugabanni, suna kuma karɓar kuɗi wurin mambobinsu. Abin da ya rage shi ne a ware wani kaso da sunan rauni kaɗai, a rubuta shi cikin littafi, a sa mutum uku su riƙe mabuɗi. Rubutun kuwa aikin waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci ne, kuma hukumomin gari na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa suna iya neman ganin wannan littafi duk lokacin da ƙungiya ta zo sabunta takardunta.