A Buga Wa Kwaikwayon Kayan Nok Hatimi

A kasuwannin kayan tsaraba na Abuja da Legas ba a rasa kawunan yumɓu masu idanu irin na gumakan Nok. Akasarinsu ginin bana ne, amma an shafe su da jar ƙasa don baƙo ya zaci daga rami aka tono su. A ganinmu, wannan dabara ce ke karya darajar sana'ar.

Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, ta haramta fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. A 2000 kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan Nok cikin jerin waɗanda ta gargaɗi jama'a kada su saya. Saboda haka duk baƙon da aka ce masa hajar tsohuwa ce, ɗayan biyu ne: in gaskiya ne ya taka doka, in ƙarya ce an damfare shi. Mai hankali sai ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Alhali kuwa kwaikwayo yana da kasuwarsa ta halal. A ƙarni na 19, masana'antar Giustiniani da ke birnin Nafoli na Italiya ta riƙa kwaikwayon tsofaffin tulunan Girka tana sayar wa matafiya. Yau masu tara irin waɗannan kaya suna neman su a gidajen gwanjo, suna sane sarai cewa kwaikwayo ne. Abin da suke biya shi ne sunan magini da zamaninsa. Ko a nan gida, tukwanen marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ana sayen su dubban fam a Landan, kuma haruffan nan biyu, LK, da ta buga a jikinsu na daga cikin abin da mai saye ke fara dubawa.

Ya kamata hukumar ta yi wa magina rajista, ta wajabta musu buga suna da shekara a gindin kowane kwaikwayo tun yumɓun yana ɗanye, kafin a gasa. Lamba ta takarda ana iya ɓare ta; hatimin da ya sha wuta sai an kankare gindin, kuma tabon ba ya ɓoyuwa. Jami'in kwastan a filin jirgi zai juya kayan ya gani, ya bar baƙo ya wuce, dillali kuma ya iya karɓar odar ɗaruruwa daga kantunan waje da rasit a hannunsa.