In Na'ura Ta Yi Ɓarna, Wa Zai Biya Diyya?

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, ba zai rasa ganin manyan kududdufai da tulin jar ƙasa a bakinsu ba. Ramukan kuza ke nan. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙa a nan, babbansu kuwa shi ne Amalgamated Tin Mines of Nigeria. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985 sai aikin ya ƙarasa durƙushewa, injuna suka yi tsatsa, aka bar wa mutanen ƙasa ramuka cike da ruwa. In yaro ya faɗa ciki, ko gona ta zaizaye, da wuya a sami ƙofar da za a buga a nemi diyya.

Dalilin tuno wannan tsohon zance shi ne wata sabuwar na'ura ta shigo, ita ma masu ita suna ƙetare, watau ƙirƙirarriyar basira, wadda ke koyo daga tarin bayanai ta ba da amsa da kanta. A ce manomin dankali a Bokkos ya tambaye ta maganin feshi ta waya, ta yi kure, gonar ta ƙone. Wa zai kai ƙara? Wanda ya ƙera ta yana Amurka, wanda ya sayar da ita yana Legas, kowannensu kuwa zai nuna ɗan'uwansa.

An riga an gwada wannan zillewa. A 2024 kamfanin jiragen sama na Air Canada ya ce ba ruwansa da bayanin ƙarya da na'urarsa mai amsa tambayoyi ta yi wa wani fasinja, wai ita ke ɗauke da alhakin maganarta. Kotun Kanada ta yi watsi da wannan hujja, ta ce ya biya. Tarayyar Turai kuma ta kawo daftarin doka kan wannan batu a 2022, ta janye shi a 2025, ko da yake dokarta ta 2024 ta lasafta manhajar kwamfuta cikin kayan da ake biyan diyya in sun zo da aibu.

Alƙalan ƙasar nan ba baƙi ba ne ga irin wannan shari'a. In shanu suka shiga gona da dare, ba a kiran saniya gaban alƙali. Mai ita ake kira, haka Malikiyya ta tanada. To, wanda ya saki na'ura cikin jama'a yana cin ribarta, shi ya kamata doka ta kama, shi kuma zai kawo shaidar cewa ba ta yi kure ba, domin talaka ba shi da ikon leƙa cikinta.

Amma hukunci ba ya amfani in wanda aka yanke wa ba shi da ko kujera a Nijeriya. Saboda haka ya kamata Majalisar Tarayya ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni su naɗa wakili a nan, su kuma ajiye kuɗin lamuni tun kafin su fara ciniki. Masu haƙar ma'adinai an ɗora musu zuba kuɗi a asusun gyaran ƙasa cikin dokar 2007, shekara 22 bayan faɗuwar kuza, lokacin da masu ramukan Bukuru suka daɗe da kwashe kayansu.