Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shaidar Manhajar da ta Faɗi

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfuta ya san ɓacin ran da kan zo sa'ad da manhaja ta mutu farat ɗaya ana tsakiyar aiki. Sau da yawa dalili shi ne manhajar ta taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar injin wanda ba nata ba, sai babbar manhajar da ke tafiyar da injin ta tsinke ta nan take. To, kafin a share wurin, ana iya kwafe duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a daidai wannan lokaci a zuba cikin fayil guda. Wannan fayil shi ne shaidar faɗuwa, kuma matsayinsa ga masu gyara kamar na baƙin akwatin jirgin sama ne ga masu binciken haɗari.

A injunan Unix da Linux sunan fayil ɗin core, kuma sunan ya samo asali ne tun shekarun 1950, zamanin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da 'yan ƙananan zobba masu maganaɗisu da aka zura wa wayoyi. Zobban sun daɗe da shuɗewa, amma sunan ya zauna.

Abin lura shi ne shaidar ba ta samuwa sai an shirya mata tun da wuri. A yawancin injunan Linux akwai iyakar girman da aka yarje wa fayil ɗin, ana duba ta da umarnin ulimit -c, kuma in an bar ta a sifiri, to a bisa tsarin asali ba abin da za a rubuta. Wurin ajiya da suna kuwa ana tsara su ne a /proc/sys/kernel/core_pattern. Idan ba a taɓa shi ba, sai a ajiye fayil ɗin a inda manhajar take aiki. Mai kula da inji da ya san aikinsa yakan sa %e domin sunan manhaja, da %p domin lambarta, da %t domin lokaci, don kada shaidar yau ta danne ta jiya. Tun daga Linux 2.6.19 na shekarar 2006, ana iya fara layin da alamar | domin a miƙa shaidar ga wata manhaja mai tarawa, kamar Apport na Ubuntu mai ajiyewa a /var/crash, ko systemd-coredump wanda bisa al'ada ba ya cin fiye da kashi 10 cikin ɗari na faifai. A Windows kuwa akwai mabuɗin LocalDumps, inda ake zaɓen ƙaramar shaida ko cikakkiya, kuma in ba a canja ba guda 10 yake riƙewa.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Fayil ɗin ba ya tankaɗe ba ya rairaya. Kalmar sirri, da mabuɗin kulle saƙo, da bayanan mutanen da ke hulɗa da ma'aikata, duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwa a lokacin faɗuwa yana iya shiga ciki. A shekarar 2023 wasu 'yan kutse da aka danganta da ƙasar Sin suka karanta wasiƙun manyan jami'an gwamnatin Amurka, har da saƙonni kusan 60,000 na Ma'aikatar Harkokin Waje, ta hanyar wani mabuɗin kamfanin Microsoft da suka sace. A watan Satumba na shekarar kamfanin ya ce mai yiwuwa mabuɗin ya zurare ne cikin wata shaidar faɗuwa ta watan Afrilu na 2021, wadda aka ɗauke daga wuri mai tsaro zuwa inda ake gyara. A watan Maris na 2024 kuma ya amsa cewa bai samo fayil ɗin da ke ɗauke da mabuɗin ba. Ko da yake maganar ba ta tabbata ba, ta isa ishara. Haka nan a watan Mayu na 2025 kamfanin Qualys ya bayyana kurakurai a Apport da systemd-coredump waɗanda ke iya ba ƙaramin mai amfani da inji damar karanta shaidar manhaja mai babban iko. Shi ya sa masu hattara kan sa fs.suid_dumpable a sifiri.

Saboda haka akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba kowace ma'aikata ta amsa tun ana zaune lafiya: a ina za a ajiye, nawa za a ajiye, har yaushe, kuma wa aka yarda ya buɗe? Wanda ya hana rubuta shaidar ɗungurum, ranar da manhajar biyan albashi ta faɗi sai lalube cikin duhu. Wanda kuma ya bar ta barkatai, ya shanya asirin jama'a a bakin kasuwa, wataƙila ma faifai ya cika injin ya tsaya cik. Bayan an gama shiri, sai a kayar da wata manhajar gwaji da gangan a ga ko shaidar ta sauka inda aka nufa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.